Wa Zai Maimaita wa Kaka Tambaya

Kuskuren da na yi bai taka kara ya karya ba, in ka ji shi shi kaɗai. Ina zaune ina cin ɗanwake a bayan ɗakin Goggo a Katagum, autar gidanmu ta zo ta tsaya a kaina da tambayoyi, ni kuma na ga hanyar da ta fi sauƙi in kore ta ita ce in ba ta tsoro. Na ba ta kuwa. Gishirin da na ƙara ne ya yi yawa. Ƙara gishiri halina ne tun ina ƙarami. A gidanmu in na shigo da gudu na ce na ga maciji, Inna ba ta ko tashi, sai ta tambaye ni ko tsutsar tana da girma.

Sai na fara ba da labarin Kaka kafin a gane. Kakanmu na wajen uba mutumin Katagum ne, ya yi noma har ƙafa ta ƙi. Da ciwo ya matsa masa, Baba ya ɗauko shi ya dawo da shi gidanmu a Azare don ya fi kusa da asibiti. Kunnensa na dama ya daina aiki tun kafin a haife ni. Na hagu kuma sai ya ga dama. Kana iya tsayawa a gabansa ka yi ta gaishe shi har maƙwabta su amsa maka ta katanga, shi yana kallonka yana murmushi. Amma muryar Auta siririya ce kamar usur, ita ce kaɗai take shiga. Tun tana 'yar mitsitsiya ta gano haka. In baƙo ya zo sai ta haye tabarma ta ɓangaren hagu, ta kama kunnen da yatsu biyu kamar za ta leƙa ciki, ta maimaita masa abin da aka ce. Har asibiti ake tafiya da ita. Likita ya yi tambaya, Auta ta zuba a kunne, Kaka ya amsa. Yana kiranta amaryarsa, ita kuma tana ce masa ta fasa auren tunda ba shi da haƙori. Ko Baba, in zai gaya wa mahaifinsa magana mai muhimmanci, sai an nemo masa yarinyar da ba ta gama famfara ba.

Da damina ta kankama Kaka ya kafe a kan sai an mai da shi gida ya ga gero. Aka mai da shi. Ba a daɗe ba aka bugo wa Baba waya da safe. Kafin motarmu ta gama fama da taɓo a hanya, an riga an rufe shi. Maza suka raka ni da Baba maƙabarta muka yi addu'a, na ga kabarin da idona, yana kusa da ƙofar shiga, gefen wata aduwa. Auta tana cikin gida wurin mata. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Tabarmarsa kawai ta gani a naɗe.

Ni kuma a lokacin wata ɗabi'a ta kama ni ta tara labarin abin da ke bayan mutuwa, kamar yadda abokaina ke tara hotunan 'yan ƙwallo. A makarantarmu ta Azare abin ya fara. Wanda muke zama benci ɗaya da shi Kirista ne, ɗan wata nas daga kudancin jiharmu, kuma babu abin da ba ma musu a kai. Da kakarsa ta mutu aka ajiye ta a firjin asibiti sai da dangi suka hallara daga nesa. Na ce masa ku kuna barin mutum yana ta jin sanyi. Ya ce ku kuma kuna sauri kamar ana korarku. A wurinsa kakarsa tana hutawa wurin Ubangiji, kuma za a tashe ta a ranar ƙarshe. Na ce mu ma akwai tashi, akwai hisabi. Muka yi mamakin yadda bakinmu ya zo ɗaya, sai muka koma musu a kan wanda zai riga wani shiga aljanna.

Daga nan na shiga tambayar kowa. Mai kemis na bakin layinmu, ɗan ƙabilar Ibo, ya ce shi coci yake zuwa, amma tsofaffin garinsu sun ce kaka yakan dawo a jikin jaririn gidansa, har akan duba tabo a jikin yaro a gane wanda ya dawo. Na Indiyawa ban tambayi kowa ba, fina-finai sun isar: a ƙona gawa, a zuba toka a kogi, rai ya sake shigowa duniya a wani jiki, na mutum ko na dabba, gwargwadon aikin da ya yi. Malaminmu na tarihi kuma ya taɓa cewa a zamanin da akwai masu zurfin tunani da suka ce babu komai bayan mutuwa, kamar fitila ce mai ya ƙare mata. Ya faɗa, ya nemi tsari, ya ci gaba da darasi. Kada a yi mini mummunar fahimta, ban matsa daga addinina ko taku ɗaya ba. Ina zuwa Islamiyya ina shan bulala a kan hadda kamar kowa. Abin da nake so kawai shi ne in san abin da wani bai sani ba, in kuma faɗe shi da ƙarfi.

Ranar sadakar uku gida ya cika. Mata suna tsakar gida suna dakan gumba, maza suna ƙofar gida a kan tabarmi ana ta shafa fatiha. Na saci jiki da kwanon ɗanwakena na laɓe a bayan ɗakin Goggo, ƙanwar Baba. Nan Auta ta same ni. Ta ce ta tambayi Inna ina Kaka yake, an ce mata ya rasu, ta yi masa addu'a. Ta tambayi Goggo, an ce mata haka. Ita ba wannan take tambaya ba. So take ta san wurin da yake, da wanda yake tare da shi, da ko ana ba shi kunu.

Na ce yana cikin kabari, kuma ba shi kaɗai ba ne, mala'iku biyu sun zo sun zaunar da shi suna tambayarsa Ubangijinsa da addininsa da Annabinsa. Da na tsaya a nan da ban yi laifi ba, haka aka koya mana. Amma idonta ya buɗe, ni kuma in na ga ido ya buɗe bakina ba ya tsayawa. Na ce gudumar da ke hannunsu ta fi tankin ruwan unguwarmu girma. Na ce a hankali suke tambaya, kamar masu raɗa, don su gane wanda ya natsu. Na ce ba sa tafiya sai an amsa, in mutum bai amsa yau ba gobe suna nan, jibi suna nan. Duk waɗannan daga kaina na ciro su, babu malamin da ya gaya mini.

Na zaci za ta ruga wurin Inna da kuka in samu in cinye abincina. Ba ta motsa ba. Sai ta ce, “Yaya, to wa ke maimaita masa?”

Na ajiye kwanon ɗanwaken. Sai a lokacin na ga abin da na haɗa: masu tambaya da raɗa, da tsohon da ba ya jin ganga. Na yi niyyar in ce ƙarya nake yi, amma girman kai ya hana ni, sai na zaɓi in gyara ɓarna da wata ɓarnar. Na buɗe mata jakata gaba ɗaya. Na ce kada ta damu, ai ba kowa ya ce haka ba, wasu sun ce mamaci hutawa yake yi wurin Ubangiji. Ta ce su wa. Na ce Kirista. Ta ce Kaka ai liman yake bi. Na ce wasu sun ce yakan dawo a jariri. Ta ce Kaka ba zai yarda a goya shi ba. Na ce Indiyawa sun ce yakan dawo ko a dabba, kuma a nan shaiɗan ya gitto da wani bunsuru mai farin gemu ta gabanmu, na nuna shi na ce ta duba da kyau ko ta gane tafiyar. Ni kaɗai na yi dariya. Na fara na fitila ban ƙarasa ba, saboda yadda fuskarta ta koma.

“Malamarmu ma ta ce ana tambaya,” in ji ta. Ta juya ta tafi.

Ban san tagar Goggo a buɗe take ba. Ba ta ji farkon maganar ba, daidai wurin bunsuru ta iso. Kafin in wanke hannu an aiko Baffa yana kirana.

Baffa yayan Baba ne, shi ke limancin masallacin unguwarsu. Ban taɓa ganin haƙoransa ba sai lokacin da yake asuwaki. Na same shi a zaure, Baba na gefensa kansa a sunkuye. Ya sa na durƙusa. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya tambaye ni ko gaskiya ne na nuna bunsuru na ce mahaifinsa ne, kwana uku da rufe shi. Na ce ba ni na ce ba, Indiyawa ne. Ya ce Ba'indiyen yana ina a kira shi. Na yi ta bayani cewa labarin abin da mutane suka yarda da shi nake bayarwa, ba yarda na yi ba. Ya ce sanin abin da wasu suka ce ba laifi ba ne, shi ma ya karanta, amma wanda bai san lokacin magana da wanda ake gaya wa ba, iliminsa wuƙa ce a hannun mahaukaci. Ya shiga tambayata ɗaya bayan ɗaya, wa ya gaya mini wannan, wa ya gaya mini wancan. Gwiwoyina suka fara raɗaɗi. A raina ina godiya da Goggo ba ta ji na mala'iku ba, don wanda ya yi wa mala'iku ƙarya a gidan liman ban san inda za a binne shi ba.

Muna cikin haka muka ji muryar Inna daga bayan ƙofar zaure, tana tambaya a hankali ko Auta tana wurinmu. An zuba mata gumba tun ɗazu ba ta zo ta ɗauka ba.

Da farko ba wanda ya tashi hankalinsa. Aka leƙa ɗakuna, aka aika yara maƙwabta. Suka dawo babu ita. Wani ya je ya buɗe murfin rijiya ya haska, ya daɗe yana kallo, mu kuma muna kallon bayansa, sannan ya girgiza kai ya ce ba komai. Sai wata mata ta ce yaran unguwa sukan bi masunta bakin kogi, kuma kogin ya kawo ruwa sosai a makon nan. Ban taɓa ganin zaman makoki ya watse da sauri haka ba. Tsofaffi suna neman takalmansu, samari sun riga sun yanki hanya. Daga gabas kuma hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe tabarmi.

Ni na san inda ta tafi. Tun da Inna ta yi magana na sani. Amma in na faɗa sai an tambaye ni dalili, dalilin kuma shi ne abin da nake ɓoyewa. Sai na bi ayarin zuwa kogi ina kiran Auta da ƙarfi fiye da kowa, ina gaya wa kaina wataƙila dai tana can. Ba ta san hanyar maƙabarta ba, na ce a raina. Yarinya ce, za ta ji tsoro ta dawo. Muka wuce gidajen ƙarshe, muka fara jin ƙarar ruwa. Na waiwaya na ga Inna a bayanmu, ba takalmi, mayafinta a hannu. Inna da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai ta shirya tsaf. Ba kuka take ba, bakinta ne kawai ke motsi. Kowane taku da muke yi nisa muke ƙarawa daga yarinyar, kuma ni kaɗai na san haka.

Na ja hannun rigar Baffa. Na gaya masa duka, da tankin ruwa, da raɗa, da gobe da jibi. Na gaya masa tambayar da ta yi mini. Na rufe ido ina jiran mari. Da na buɗe har ya tare wani mai babur ya karɓi babur ɗin. Ya ce wa Baba su ci gaba da duba bakin ruwa ko da na yi kuskure, ni kuma ya ce in hau.

Ban san Baffa ya iya gudu da babur ba. Babbar rigarsa ta cika da iska ta rufe mini fuska, ina jin ɗigon farko yana dukan hannuna. Abin da ke raina shi ne abin da samarin garin suka gaya mini ranar da muka zo: ƙasar maƙabartar yashi ce, da damina kaburbura suna ruftawa, akwai wanda ya taka gefen sabon kabari ƙafarsa ta shige har cinya. Sun kuma ce macizai suna son ramukan. Ranar na ji daɗin labarin har ina shirin kai shi Azare in ninka shi.

Muka jingine babur a ƙofa. Kabarin Kaka yana nan gefen aduwa, ƙayar da aka ɗora masa ba a taɓa ta ba. Babu kowa. Na ce shi ke nan, na janye Baffa daga kogi a banza, yarinyar tana cikin ruwa. Ruwan sama ya sauko da ƙarfi. Baffa ya ɗaga mini hannu alamar in yi shiru.

Sai muka ji ta. Muryar nan da ke ratsa komai, daga can ƙarshen maƙabarta, inda ƙasa ta gangara zuwa fadama.

Na zabura zan ruga, Baffa ya damƙe kafaɗata. Ya ce in bi sawunsa, kada in taka kabarin kowa, kada in taka gefe. Muka tafi a hankali kamar masu tsallake ƙwai, muna hango ta. Ta zaɓi kabarin da ƙasarsa ta fi sabunta. Ta janye ƙayar da hannunta, yatsunta duk jini. Tana durƙushe, bakinta dab da ƙasa, ruwa ya manne mata riga a jiki. Ta gefen kabarin ruwa ya riga ya yi hanya yana gudu, yana cin yashin da ke ƙarƙashin gwiwarta.

“Kaka, ni ce. Sun ce wane ne Ubangijinka. Ka ce Allah.”

Ta kara kunnenta a ƙasa tana jira. Ta ɗago ta sake faɗa.

Na buɗe baki zan ce ai ba wannan ne kabarin Kaka ba, Baffa ya yi mini wani kallo na haɗiye maganar. Ya kira ta a hankali ya ce ta taso ta zo. Ta ce ba ta gama ba, bai amsa ta farko ba ma, saura biyu. Ya matsa taku ɗaya, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Ya tsaya. In ya kai hannu da ƙarfi za ta ja baya, bayanta kuma ruwan ne. Na ga liman guda ya tsuguna a cikin taɓo da farar riga, ya sa fuskarsa daidai da tata.

Ya gaya mata yayanta ya ƙara abin da babu shi. Ya ce tambayar sau ɗaya ake yi, lokacin da masu rufewa suka juya, ba a dawowa kullum. Ya ce a can babu kurma, mamaci har ƙarar takalman masu tafiya yana ji, kunnen da ya lalace, a duniya kaɗai ya lalace. Ta dube shi ta ce ya aka yi ya san Kaka ya amsa. Na zaci zai ce ya sani. Ya share ruwan da ke zuba daga gemunsa.

“Ban sani ba, 'yata,” ya ce. “Ba wanda ya sani. Na dai san abin da ya rayu a kansa, shi ya sa muke roƙa masa Allah ya tabbatar da harshensa. Ke ma abin da za ki yi masa ke nan.”

Ta tambaye shi ta wane gefe aka kwantar da shi. Ya ce ta dama, yana fuskantar alƙibla, kamar kowane Musulmi. Na ga tana lissafi a ranta, tana taɓa kunnenta ɗaya sannan ɗayan. Ta ce to na hagu ne a sama. Ya ce na hagu ne a sama. Ta ce duk da haka bari ta ƙarasa biyun, ko da bai ji mala'ikun da kyau ba. Ni ina kallon ruwan da ke cin yashi, ina so in yi ihu. Baffa ya miƙa hannu ya riƙe bayan rigarta, ya ce ta yi sauri.

Ta faɗi ta addini, ta faɗi ta Annabi, kowace da amsarta, da dukkan ƙarfinta. Tana rufe baki ya ɗauke ta cak ya saɓa a kafaɗa. Ya ce in mai da ƙayar inda take. Na mayar.

A gida Inna ta kai mata duka biyu a baya sannan ta ƙanƙame ta, ta ƙi sakinta har aka cire mata ƙayoyin da ke yatsu. Zazzaɓi ya kama ta, muka ƙara kwanaki a Katagum kafin ta warware. Ni ba a dake ni ba, ko da yake na fi son a dake ni a huta. Baba bai yi mini magana ba sai da muka koma Azare. Baffa kuwa washegari ya miƙo mini shebur ya haɗa ni da samarin da ke gyaran kaburburan da ruwa ya ɓata, na yi ta ɗiban yashi har tafin hannuna ya yi kanta. A wurinsu na ji cewa kabarin da Auta ta durƙusa a kai na wata tsohuwa ce mai sayar da kifi daga wata unguwa, an rufe ta kwana ɗaya bayan Kaka. Gefensa ya zabtare a ruwan ranar, mu muka cike shi. Baffa ya ce kada in gaya wa Auta, kuma ban gaya mata ba.